Ba kowace farar ƙasa ce maganin tsamin gona ba

Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ana miyar yakuwa ya ga abin da idonsa. Uwargida za ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta jawo ƙoƙon jiƙon kanwa ta ɗan tsiyaya a tukunya. Nan take miya ta taso da kumfa, launinta ya juya, tsamin ya kwanta. Ba ta buɗe littafin kimiyya ba, amma abin da ta yi shi ne ainihin abin da malaman gona suke nufi in sun ce a zuba wa gona farar ƙasa. Ta kuma san wani abu da yake kuɓuce wa manoma da yawa: in kanwa ta yi yawa miya ta lalace, kuma ba a tsame ta daga tukunya.

Ƙasa ma tana tsami. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sørensen, ya ƙirƙiro a 1909. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14, kuma 7 ce tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da 7 tsami ne, abin da ya haura kuwa ya karkata ɓangaren kanwa. Tazarar lamba ɗaya ba ƙarama ba ce, domin ƙasar da ke kan 5 ta ninka wadda ke kan 6 tsami sau goma. Yawancin amfanin gona da kayan lambu sun fi sakewa tsakanin 6 da 7, suna kuma lallaɓawa har zuwa 5.5. Daga nan ne matsala take farawa. Sinadarin alminiyam, wanda yake kwance lafiya a jikin kowace ƙasa, sai ya narke ya shiga ruwan da saiwa take sha. Saiwar ta dunƙule, ta yi gajarta da kauri, ta kasa nutsawa neman laima. A lokaci guda kuma alminiyam da ƙarfe su riƙe sinadarin fosfaras su hana shi isa ga shuka. Manomi ya zuba kamfa buhu bayan buhu, masara na nan a tsugune, ganye ya yi ja-ja, fari na kwana biyar ya sa ta lanƙwashe. Sai a ɗora wa mai sayar da taki laifi, alhali wani lokacin ƙasar ce ta ƙi karɓa.

Abubuwa uku ne suke jawo wannan tsami. Ruwan sama mai yawa yana wanke kalsiyam da magnesiyam ya yi ƙasa da su. Girbi yana kwashe wani kason, balle a inda ake kwashe komai, hatsi ya tafi rumbu, kara ya tafi danni da murhu, harawa ta tafi kasuwa. Na uku shi ne takin zamani mai naitrojin. Lissafin da masana ƙasa suke amfani da shi ya ce kowane kilo ɗaya na naitrojin da ya fito daga yuriya yana bukatar kusan kilo 1.8 na farar ƙasa kafin a kashe tsamin da ya bari. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitrojin kilo 23, wato bashin farar ƙasa wajen kilo 41 ke nan. Kusan buhu a bakin buhu. Takin amoniyam salfet kuwa ya ninka yuriya wajen sau uku a wannan ɓarna.

Wannan ba labarin ƙasashen waje ba ne. A Samaru ta Zariya, inda cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, an kafa wani filin gwaji tun 1950, aka yi ta zuba wa wasu fuloti takin zamani zalla, wasu kashin shanu, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun, shekara da shekaru. Fulotan da suka sha takin naitrojin ba tare da kashin shanu ba sun yi tsami, waɗanda suka samu takin gargajiya kuwa sun fi riƙe kansu. A Sadore kusa da Yamai, a tashar cibiyar ICRISAT, an ga irin haka a jigawar da ake noman gero: takin zamani ba tare da an bar karan gero a gona ba yana ƙara tsami, yana kuma tayar da alminiyam.

To amma kafin kowa ya ruga kasuwa, akwai tambayar da ta riga "wacce zan saya?", ita ce "gonata tana bukata kuwa?" A ƙasar Hausa amsar ba ɗaya ba ce ko kaɗan. Ƙasar kudu maso gabashin Najeriya da ta yankin Neja Delta, inda ruwa yake sauka kamar da bakin ƙwarya, tsaminta mai tsanani ne. Tsaunukan Jos da na Mambila ma haka. Gonakin tudu na Kano da Katsina da Zazzau kuwa galibinsu tsaminsu kaɗan ne, sai dai waɗanda aka daɗe ana ɗirka wa yuriya don masara. Wani abin da yake taimakonsu shi ne hazon hunturu da kowa yake tsinewa. Ƙurar nan da take tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam, tana kuma sauke su a gonaki kyauta kowace shekara. Idan aka gangara baƙar lakar firgi ta Barno, inda ake dashen masakwa, labari ya juya gaba ɗaya: ƙasar can ba ta da tsami, ta ma fi karkata ɓangaren kanwa. Haka wasu filayen noman rani da suka daɗe suna shan ruwa ba magudana, har ake ganin farin gishiri-gishiri a bakin kunya in ƙasa ta bushe. Wanda ya zuba farar ƙasa a irin wannan wuri ya sayi cuta da kuɗinsa.

Sai kuma rikicin suna. Bahaushe yana kiran abubuwa da yawa farar ƙasa, kuma ba dukansu ne suke aikin gona ba. Farar ƙasar da ake haƙowa a wurare irin su Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauci, wadda ake shafe ɗaki da ita, masu ciki kuma suke ɗan gutsura, farar laka ce mai suna kawolin. Ko an zuba tirela guda ba za ta kashe tsamin ƙasa ba, domin babu sinadarin da ke yin aikin a cikinta. Kama da wane ba ta wane. Gwajin da zai raba gardama bai fi ƙarfin kowa ba. A ɗebi ɗan garin a tafin cokali, a matsa masa lemon tsami. In ya yi kumfa yana ƙara siii, kamar miyar yakuwar nan, to dutsen farar ƙasa ne na gaskiya. In ya jiƙe kawai ya zama taɓo mai santsi, laka ce. Gwajin yana aiki a kan ƙasar gona ma: busasshiyar ƙasar da ta yi kumfa da lemon tsami tana da farar ƙasarta a jiki, ba ta neman ƙari.

Ta gaskiyar, uwarsu duka, dutse ne. Shi ne wanda ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Obajana ta Kogi, da Gboko ta Binuwai, da Malbaza ta jihar Tawa a Nijar, da Figil a arewacin Kamaru, ana yin siminti da shi. In aka niƙa shi ya zama gari ba tare da an ƙona ba, an samu farar ƙasar gona, wadda masana suke kira kalsiyam kabonet. Ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi: an ba tsantsarta maki 100. Ba ta ƙona hannu, ba ta ƙona shuka, tana aiki a hankali cikin watanni, kuma amfaninta yana kai shekara uku zuwa biyar a gona. Ga manomi na yau da kullum da mai lambun bayan gida, wannan ce zaɓin farko, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshe.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ake cutar mutane: laushi. Dutsen nan ba ya narkewa da sauƙi, daga fatarsa tsamin ƙasa yake cinsa. Garin da ya yi laushi, wanda ƙwayarsa ba ta wuce rubu'in milimita ba, yana gama aikinsa cikin shekara ɗaya zuwa uku. Tsakuwar da ta haura milimita biyu kuwa za ta iya shekaru a gona tana nan yadda aka zuba ta. Wannan ya shafi mai saye kai tsaye, domin a garuruwan Arewa wurin da aka fi saurin samun niƙaƙƙen dutsen shi ne shagunan masu sayar da kayan haɗa abincin kaji, inda ake sayar da shi don ƙwarin ɓawon ƙwai. Dutsen daidai ne, amma wanda ake yi wa kajin ƙwai da gangan ake barinsa da tsaki-tsaki. Mai saye ya zura hannu cikin buhu ya murza. In ya ji kamar garin tuwo, madalla. In ya ji kamar tsakin masara, rabin kuɗinsa zai kwanta a ƙasa ba aiki, sai dai ya kai inji a sake niƙawa ko ya tankaɗe.

Ƙanwar farar ƙasar gona ita ce dolomait. Dutse ne shi ma, amma ya haɗa kalsiyam da magnesiyam, kuma tsantsarsa tana da maki kusan 109. Ana samunsa a wurare kamar Igbeti ta jihar Oyo da wasu sassan Kogi. Ya fi ɗan jinkiri wajen narkewa, ko a gwajin lemon tsami kumfarsa a hankali take fitowa. Masu talla sukan ce ya fi, tunda tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya. Gaskiyar ita ce ya fi ne kawai a ƙasar da magnesiyam ya yi ƙaranci, abin da aka fi gani a jigawar da ruwa ya wanke. Alamarsa tana fitowa a tsofaffin ganye na ƙasa: tsakanin jijiyoyi ya yi rawaya, jijiyoyin kuma su zauna kore, a masara har ya zama zane-zane a tsawon ganye. Inda babu wannan ƙaranci, ƙarin kuɗin dolomait asara ne. A laka mai nauyi wadda dama tana da magnesiyam da yawa, tara shi shekara bayan shekara ba ya ƙara wa ƙasar komai sai tauri.

Daga nan sai waɗanda suka shiga wuta. In aka gasa dutsen a zafin da ya kai wajen digiri 900, kilo 100 yana komawa kilo 56, sauran kilo 44 ya tashi iska. Abin da ya rage shi ne ƙonanniyar farar ƙasa, mai maki kusan 179, kuma mugun abu ce. Da ta haɗu da ruwa sai ta ɗau zafi tana tururi, tana iya ƙona busasshen buhu, tana cin fata mai gumi, in ta faɗa ido kuwa tana iya makantarwa. In aka shayar da ita ruwa da gangan har ta huce ta zama gari mai laushi fari fat, an samu wadda magina suke saya don shafe, wadda majema da ma'aikatar ruwa suke aiki da ita, masu kiwon kaji kuma suke barbaɗawa a ɗakin kaji. Makinta wajen 135 ne, wato kilo 74 nata yana aikin kilo 100 na ɗanyen dutse. Ita ce ta fi yawa a kasuwar kayan gini, don haka ita ce mai lambu ya fi saurin cin karo da ita.

Tana da ranarta. Tana aiki cikin makonni, ba watanni ba. Mai kabeji da ciwon kumburin saiwa ya addaba, wanda yake son ɗaga ƙasarsa sama da 7 da gaggawa, zai iya amfana da ita. Haka mai laka mai nauyi da tsami. Wanda yake nesa da inda ake fasa dutse shi ma yana da hujja, tunda kuɗin mota ne rabin tsadar farar ƙasa, ita kuwa ta fi ƙarfi a kowane kilo. Amma a jigawa ganganci ne. Rairayi ba shi da abin da zai tare mata, sai ta harba ma'aunin sama lokaci guda, ta ƙone ƙananan saiwoyi, ta hanzarta cinye ɗan ruɓaɓɓen takin da ƙasar take taƙama da shi. Manoman Turai sun daɗe da lura cewa farar ƙasa ba taki takan azurta uba ta talauta ɗa, kuma ƙonanniyar ce ta fi jawo wannan suna. Wanda ya ga dole sai wadda aka shayar da ruwan, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ce ya zuba, ya rufe hanci da ido, ya guji ranar iska, ya cakuɗa ta da ƙasa, ya ba da ruwa, ya kuma jira sati biyu ko uku kafin ya dasa komai.

Akwai wasu na zamani da ba sa bukatar dogon bayani. Wadda aka dunƙula ƙwaya-ƙwaya kamar takin zamani garin dutsen nan ne aka ɗaure da wani abu mai narkewa. Ta fi daɗin watsawa, iskar hunturu ba ta kwashe ta, amma ba ta fi ƙarfi ba, tsada kawai ta fi. Ta ruwa da ake sayarwa a jarka ma garin ne aka dama. Duk wanda aka ce masa lita biyu za ta yi aikin tan guda ya riƙe kuɗinsa, domin tsamin hekta guda nauyi ne yake kashe shi, ba suna ba.

Toka ta fi su cancantar a tsaya a kanta, tunda ita ce farar ƙasar talaka tun kaka da kakanni. Tokar itace da ta kara tana kashe tsami, kuma da sauri, ga fotasiyam da ɗan fosfaras a ciki. Ƙarfinta bai da tabbas, yakan kama daga rubu'i zuwa rabin na dutse, ya danganta da itacen da yadda aka adana ta. Wadda ruwa ya daka ta riga ta zubar da rabin amfaninta. Amfanin tokar nan ne ya sa inda aka ƙona sassabe ko aka zubar da tokar murhu dawa take fin ko'ina duhu. Manoman kewayen birnin Kano sun shekara ɗaruruwa suna kai takin gari gonakinsu a kan jakuna, kuma toka na cikin abin da mangalar take ɗauka. Masu lambun rani a bakin tsofaffin kududdufan kuza na Jos ma sun daɗe suna sayen tokar bolar gari. Damuwar ita ce bolar yau ba ta jiya ba ce. Akwai leda, da batir, da taya, da gwangwanin fenti, kuma gubar da ke cikinsu tana zama a ƙasa ta shiga latas da alayyafo. Tokar murhu da ta gidan burodi mai aiki da itace ita ce abin nema. Ɓawon ƙwai ma kusan dukansa kalsiyam kabonet ne, amma sai an shanya an daka shi lukui, in ba haka ba bayan shekara biyu za a tono shi yadda yake.

Kanwa fa? Tunda ita ta kashe tsamin miya, me zai hana ta kashe na gona? Za ta kashe, ta kuma kashe gonar. Kanwa sinadarin sodiyam ce, ɗan'uwan gishiri, ba kalsiyam ba. Sodiyam yana wargaza ƙwayoyin laka, ƙasa ta toshe, ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Wanda ya taɓa ganin filin da kanwa take tsatstsafowa a ƙasar Manga ya san ba abin da yake fitowa a wurin. A tukunya uwar gami ce, a gona kuwa ba ta da wurin zama. Siminti da garin da ake yin silin da shi su ma ba su da shi, don daskarewa suke yi.

Jifsam ne abin da aka fi rikitawa da farar ƙasa, har a bakin wasu masu sayarwa. Shi ma fari ne, shi ma yana da kalsiyam, ana kuma haƙo shi a wajajen Fika ta jihar Yobe da wasu sassan Sakkwato. Amma ba ya taɓa ma'aunin tsami, bai ɗaga ba, bai sauke ba. Aikinsa daban ne, kuma a wurare biyu ya fi farar ƙasa nesa ba kusa ba. Na farko ƙasar da kanwa ta ci: jifsam yana ture sodiyam, ruwa ya wanke shi, muddin akwai magudana. Na biyu gyaɗa. Ƙwayar gyaɗa ba daga uwar take samun kalsiyam ba, kwanson da kansa yake tsotsa daga ƙasar da ke kewaye da shi. In babu, sai a tuge gyaɗa ta yi kyau a ido, a fasa a tarar da holoƙo. Jifsam ya fi dutse saurin narkewa, don haka ana barbaɗa shi lokacin da gyaɗa ta fara fure. Tsofaffin manoman gyaɗa da suke rantsuwa da takin sufa suna da gaskiya ko da ba su san dalili ba: wajen rabin buhun sufa jifsam ne.

Masu tumatir suna da nasu kuskuren. In gindin tumatir ya yi baƙi ya ruɓe tun yana ɗanye, akan ce ƙarancin kalsiyam ne, kuma haka ne. Sai dai sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, ban-ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau a cika gobe a bari ya bushe, shuka ta kasa ɗaukarsa zuwa 'ya'ya. Farar ƙasa ba za ta gyara injin ban-ruwan da ya lalace ba.

Masu kira a rungumi farar ƙasa sukan kawo misalin Barazil, kuma misali ne mai ƙarfi. Dajin Serado na tsakiyar ƙasar an daɗe ana ɗaukarsa ƙasar banza saboda tsami da alminiyam. Bayan an kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, aka shiga zuba tan-tan na farar ƙasa, galibi dolomait, tare da fosfaras da jifsam, har yankin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman waken suya a duniya. A 2006 aka ba mutum uku, Edson Lobato da Alysson Paolinelli da Colin McClung, babbar kyautar abinci ta duniya saboda wannan aiki. Amma ƙasar Serado mai tsananin tsami ce, mai zurfi, tana shan ruwan sama sosai. Ɗauko adadinsu a sauke a jigawar Ɗambatta ko ta Maraɗi garin neman gira ne a rasa ido. In farar ƙasa ta yi yawa, zink da ƙarfe da manganis da boron sai su ɗaure, ga shi dama zink yana ƙaranci a gonakin masara da yawa na Arewa. Sabon ganye ya fito fari-fari, shuka ta tsaya cak, kuma sauko da ma'aunin ya fi ɗaga shi wuya da tsada. Tun 1970 wani masanin ƙasa na Amurka, Eugene Kamprath, ya nuna cewa a irin ƙasashen nan masu zafi ba sai an kai 7 ba. Abin da ake bukata shi ne a kwantar da alminiyam, wato a kai ƙasa wajen 5.5 zuwa 6, a tsaya.

Abin da za a shuka ma yana da ta cewa. Albasa, kabeji, latas da waken suya ba sa son tsami. Masara da dawa suna tsakiya. Rogo, abarba da dankalin Hausa suna jurewa. Shayin da ake nomawa a Mambila tsamin yake so, farar ƙasa cutarsa za ta yi. Dankalin Turawa na Jos kuwa in aka ɗaga masa ma'auni sai ƙazuwa ta kama fatarsa, ya yi ƙirci-ƙirci, ya faɗi a kasuwa.

Batun adadi awon ƙasa ne yake yanke shi, amma yana da kyau mutum ya san girman abin da ake magana. Tan ɗaya a hekta buhu 20 ne masu kilo 50, wato gram 100 a kowace murabba'in mita. Jigawa mai tsami ba kasafai take neman fiye da wannan a zubi ɗaya ba, wani lokacin rabinsa ma ya isa. Laka takan ci ninki biyu ko uku kafin ta motsa. Mai lambu ya auna gwangwaninsa a sikeli sau ɗaya ya san abin da yake ɗauka, maimakon ya riƙa watsawa da ka. Kada kuma wani ya ce ai akwai farar ƙasa a cikin kamfa. Gaskiya ne shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016 ya riƙa haɗa kamfarsa da ƙwayoyin dutsen farar ƙasa na gida, amma ciko ne, bai kai ya gyara gonar da ta riga ta yi tsami ba.

Lokaci shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya. Garin dutse yana son wata biyu zuwa uku da laima kafin ya nuna kansa. A busasshiyar ƙasar rani kwanciya kawai yake yi, in ma iska ba ta kwashe shi ba. Ba ya kuma nutsawa da kansa, sai an juya shi cikin ƙasa zurfin taƙi guda, santimita 15 zuwa 20, da garma ko fartanya. Sannan ba a haɗa farar ƙasa ko toka da yuriya, ko ɗanyen kashin kaji, a zubi ɗaya. Hanci ma zai ba da labari: warin nan mai hawa kai da yake tashi naitrojin ne yake gudu, kuɗin taki yana bin iska. A bar sati uku ko fiye a tsakaninsu.

Awon kansa ba wani abin tsoro ba ne. A zaga gona a haƙa wuri goma zuwa goma sha biyar, zurfin taƙi, a haɗa a bokiti mai tsabta, a cakuɗa, a ɗebi kamar rabin kilo a shanya a inuwa. Tudu daban, fadama daban. Ɗakunan awo suna nan a Samaru, da sassan kimiyyar ƙasa na jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, da cibiyar INRAN a Nijar, kuma malamin gona na yanki ya san hanyar kai samfur. A roƙi a duba magnesiyam tare da pH, don shi ne zai raba tsakanin farar ƙasa zalla da dolomait. 'Yar takardar gwaji mai canza launi tana ba da ƙiyasi mai amfani. Ƙaramin ƙarfen nan mai allura da ake cakawa a ƙasa kuwa, wanda ake tallarsa da araha, bai cancanci a sayi tan guda a kan maganarsa ba.

Wanda awo ya nuna masa gonarsa ta yi ƙasa da 5.5, lokacin zubinsa shi ne bayan girbi tun ƙasa da sauran laima, ko kuma da ruwan farko wajen kaftu. Ya nemi garin dutse mai laushi, ya gwada shi da lemon tsami tun a shago, ya haɗa da takin gargajiya gwargwadon abin da ya samu. Ya kuma bar kunya biyar a tsakiyar gona bai zuba musu ba, ya kafa musu turke, ya auna abin da suka ba shi daban ranar girbi. Bayan damina biyu ya sake kai ƙasar awo kafin ya ƙara ko buhu ɗaya.